Katin girafik ɗina da zafin Maraɗi

Watan Afrilun bara ne abin ya ishe ni. Wajen ƙarfe ukku na rana ina ɗakina nan unguwar Zariya, ɗaki ne mai rufin kwano, kuma duk ɗan Maraɗi ya san yadda ɗakin kwano yake in bazara ta kama, ɗan abin auna zafi da na rataye jikin bango yana nuna 41. Ni da ƙanena muna buga GTA V, tun muna cikin gari hoto ya fara tsinkewa, mota na tafiya tana tsayawa kamar mai tari, fankokin katin girafik, wato katin da ke zana hoton wasa cikin kwamfuta, kuwa sai ihu suke har daga tsakar gida ana jin su. Ƙanen nawa ya ce min, "Yaya, ka kashe abin nan hakanan, wallahi ƙauri nike ji." Kafin in kai hannu allon ya yi baƙi, wasan ya rufe da kanshi.

Katin GTX 1660 Super ne, na hannu na saye shi, daga Kano ya biyo ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Ɗan Isa kamar yawancin kayan kwamfutar da muke samu nan. Wanda ya saida min ya rantse ba a taɓa haƙar kirifto da shi ba, wato sa kati lissafi dare da rana don samun kuɗin intanet. Amma lokacin da na saye shi ba a jima ba da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifto, ta daina haƙa da katin girafik, a watan Satumban 2022 kenan, kuma tun daga nan katunan da sunka shekara biyu ukku suna aiki dare da rana sunka cika kasuwa ko'ina. Da na buɗe nawa daga baya na ga bayan allon katin ya yi ɗorawa-ɗorawa daidai wurin memori, na gane abin da ya sha kafin ya zo hannuna. Duk da haka kati ne mai kyau, Nvidia ta fito da shi a Oktoban 2019, memori giga 6 na GDDR6, wutar da yake ci wat 125, kuma wasannin da muke bugawa a 1080p yana ɗaukar su babu gardama.

Kuskuren da na yi shi ne wanda kusan kowa ke yi. Na kalli bidiyo a YouTube, wani Bature yana nuna yadda ake ƙara ma wannan katin gudu da manhajar MSI Afterburner, na kwafe lambobinshi yadda suke: 150 bisa gudun kwakwalwar kati, 1000 bisa memori, iyakar wuta na ja ta har ƙarshe. A watan Disamba na yi wannan, hunturu ya sauka, da asuba sai da bargo, sai komai ya tafi lafiya lau har na riƙa ba abokai lambobin. Wata huɗu bayan nan lambobin nan dai su ne sunka riƙa kashe min wasa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne katin zamanin nan shi ke ma kanshi obakulok, wato ƙarin gudu, tun daga kwali. A takarda an rubuta gudunshi 1785 MHz, amma in ka kunna wasa da kati mai sanyi za ka ga ya haura 1900 ba tare da ka taɓa komai ba, tsarin da Nvidia ke kira GPU Boost kenan. Yana duba abu ukku, zafi da wuta da boltaj, in akwai sarari ya hau, in babu ya sauka. Kuma saukar ba sai ya yi zafi ƙwarai take farawa ba, yana ɗumama yana rage gudu kaɗan-kaɗan, taki ɗaya kamar 15 MHz, har ya kai digiri 83 inda anka sa mishi iyaka, daga nan kuma sai ya riƙa zubar da gudu da gaske don kada ya wuce. Tau ka ga ni ina can ina ƙara 150 daga sama, zafi yana cire abin da ya fi haka daga ƙasa, ga wuta da na buɗe mishi har ƙarshe tana ƙara hura abin.

Ga lissafin da ya buɗe min ido, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Fanka da ƙarfen sanyaya ba su ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki suke ɗauka su wanke zafi da ita, saboda haka zafin kati kullum zafin ɗaki ne a tara da wani abu. Masu gwajin kati a Turai da Amurka galibi ɗakinsu yana wajen digiri 21 zuwa 23. In mutum ya ce maka katinshi bai wuce 68 ba, a ɗaki mai 22, ma'ana katin yana ɗora 46 bisa iskar ɗaki. Ɗauko katin nan dai ka aje shi ɗakina mai 41, fanka na juyawa daidai yadda take juyawa can, 41 da 46 ya zama 87. Ya wuce iyakar 83 tun ba ka taɓa komai ba. Mu kusan digiri 20 muke biya tun kafin mu danna maɓalli, don haka lambobin mutumin da ke zaune Jamus ba namu ba ne, ko da katinku iri ɗaya ne kamfani ɗaya.

Abu na farko da na yi shi ne na maida komai yadda ya zo, na sauke manhajar GPU-Z mai nuna zafin kati na duba. Akwai lamba biyu da ya kamata mutum ya kalla, zafin kati na gaba ɗaya da kuma wanda ake ce ma hot spot, wato wurin da ya fi ko'ina zafi cikin kwakwalwar. In tazarar da ke tsakaninsu 10 ce zuwa 15, lafiya. Nawa 83 ne da 107, tazarar 24, wannan kuwa alama ce ta man da ke tsakanin kwakwalwa da ƙarfen sanyaya ya mutu, ko kuma ƙarfen bai zauna daidai ba.

Na kai shi shagon wani abokina mai gyaran waya kusa da babbar kasuwa, don shi ke da ƙananan turnabis da hannu mai natsuwa. Kusoshi huɗu masu sifirin ne a baya kewaye da kwakwalwar, munka kwance su a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, sannan munka ɗan murɗa ƙarfen a hankali har ya saki, ba a fizgewa, kuma akwai siririn wayar fanka da ke maƙale wadda in ka manta da ita za ka tsinke ta. Abin da munka gani ciki har yanzu yana idona. Ƙura ta shiga tsakanin ƙarafan ta dunƙule ta zama kamar auduga mai launin jar ƙasa, abokin nawa ya sa ɗan tsinke ya jawo ta ta fito a shimfiɗe guda ɗaya kamar ƙyalle, iska ba ta da ta inda za ta bi sam. Man kuwa ya bushe ya tsattsage kamar bakin gulbi in ruwa ya janye, gefe ɗaya na kwakwalwar ma babu shi gaba ɗaya, ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli. Abokina ya kalle ni ya ce, "Malam, wannan ai da ikon Allah kawai yake aiki."

Munka goge da alkol irin na masu gyaran waya, isopropil, da ƙyalle mai laushi har wurin ya koma kamar madubi, na sa sabon man, Arctic MX-4. A nan akwai bambanci da furosesa, wato babbar kwakwalwar kwamfuta: kwakwalwar katin girafik ba ta da murfin ƙarfe a samanta, tsirara take, don haka ɗigo ɗaya a tsakiya bai isa a dogara da shi ba, gara ka shafa shi siriri ya rufe ko'ina har kusurwoyi, in ya ɗan yi yawa ya fito gefe ba komai tunda irin wannan man ba ya ɗaukar wuta. Kuma don Allah a bar sa man goge baki ko girishin mota, na ji masu cewa suna yi, kwana kaɗan yake bushewa.

Sai ƙananan katifun roba da ke bisa memori. Nawa sun yi mai sun lanƙwame, dole anka canza. Wurin nan ne mutane ke ɓata kati da hannunsu, domin kaurinsu daban-daban ne, akwai rabin milimita, akwai 1, akwai 1.5, akwai 2, kuma kowane kati da nashi. In ka sa wanda ya fi kauri zai ɗaga ƙarfen sanyaya daga kan kwakwalwa, ka rufe kati ka kunna ka ga zafi ya fi na da. In ka sa siriri kuma memori ba ta taɓa ƙarfe. Auna tsohon kafin ka yar, in kuma tsohon bai yage ba bai bushe ba ka bar shi wurinshi.

Da munka maida, a ɗakin nan dai da rana, kati ya tsaya wajen 76, tazarar hot spot ta dawo 13. Ban taɓa lamba ko ɗaya ba tukuna.

Akwatin kwamfutar ma da nashi laifin. Irin mai gilashi a gaba ne, kyau a ido amma iska sai ta ɗan tsagin gefe take shiga. Da farko na cire murfin gefe na kafa mishi fankar tsaye, zafi ya sauka, amma cikin sati biyu ƙura ta koma ciki kamar ba a taɓa sharewa ba, garinmu kuwa ƙura ba ta da lokaci, ga ta hunturu ga ta iskar farkon damina. Daga baya na cire gilashin gaban gaba ɗaya, na yanko ƙyallen tsohon gidan sauro na ɗaura a wurin, na sa fanka biyu masu milimita 120 suna turo iska ciki, ɗaya a baya tana fitarwa. In masu shigarwa sun fi masu fitarwa, iska ta ramukan akwati fita take yi, ƙura ba ta samun shiga sai ta inda ka sa mata tata. Na kuma ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora bisa tebur. Duk Juma'a da safe nakan cire ƙyallen in kakkaɓe, duk wata kuma in fitar da akwatin waje in hura shi, ina riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima ta lalata su.

Wani abokina ya taɓa aje roba cike da ƙanƙara gaban fankar akwatinshi, na hana shi, don raɓar da ke taruwa in ta ɗiga bisa allon kati an gama. Fanka mai ruwa da muke sawa a ɗaki lokacin bazara ita tana taimako ƙwarai tunda iskarmu busassa ce, tana iya sauke ɗaki da digiri da yawa, kuma duk digirin da ɗaki ya sauka kati ma ya sauka, sai dai a sanyaya ɗakin da ita, kada a saita bakinta cikin akwati.

Yanzu ga abin da na fi so a gane. Maimakon in ƙara ma katin wuta, rage mishi na yi, kuma a nan na samu abin da nike nema tun farko. Wutar da kwakwalwar kati ke ci tana tafiya da boltaj sau boltaj, ba sau ɗaya ba. Nawa in an bar shi yana hawa wajen bolt 1.04 cikin wasa. In ka sauke shi zuwa 0.9, lissafin yana ba ka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar kwakwalwar ya tafi, kuma duk wat ɗin da bai shiga ba zafi ne da ba sai ka fitar ba. Kamfani yana sa boltaj da ɗan yawa ne don kowane kati da ya fito daga masana'anta ya yi aiki, mai kyau da mai rauni, saboda haka yawancinsu akwai rara.

Yadda ake yi a Afterburner: ka danna Ctrl da F, wani zane zai buɗe mai ɗigo-ɗigo, ta ƙasa boltaj ta gefe gudu. Ka nemi ɗigon 900 mV, wato bolt 0.9, ka ɗaga shi zuwa gudun da kake so, sannan duk ɗigon da ke damanshi ka kwantar da su su zama layi ɗaya a miƙe, ka danna alamar amincewa. Ma'anarshi ka ce ma kati, iyakarka nan, kada ka nemi boltaj sama da wannan. Na fara da 1905 a 900 mV, minti ashirin wasa ya rufe. Na sauko 1890, ya yi kwana biyu sannan ya rufe cikin Red Dead Redemption 2. A 1860 ya zauna daram, kuma nan na bar shi har yau. Wuta ta sauko daga 125 zuwa wajen 95, zafi da rana tsaka 69 zuwa 71, kuma 1860 ɗin nan ba ya motsi, alhali da can yana farawa da 1900 da wani abu ya ƙare ƙasa da 1700 bayan rabin awa. Naka katin zai iya fin nawa ko ya kasa, ko a kwali ɗaya sunka fito ba su zama ɗaya, don haka kada ka kwafe nawa lambobin kai ma, hanyar za ka ɗauka.

Memori kuwa na ƙara mata, amma 500 kawai. Afterburner yana nuna ta a 7000, wato gigabit 14 a sakan, bisa hanya mai bit 192 yana ba da gigabait 336 a sakan. Da ƙarin 500 ta koma 7500, gigabait 360 kenan. Ɗari-ɗari na riƙa hawa ina gwadawa. Alamar ka wuce gona da iri ita ce ɗige-ɗige masu launi a allo, ko walƙiya, ko wani dogon tsini ya fito daga jikin mutum cikin wasa, wani lokacin kuma babu ko ɗaya sai dai ka ga makin gwaji ya daina hawa ko ya fara sauka, nan ma ka koma baya. A 800 na fara ganin koren ɗigo, na dawo 500 don in bar ma zafin Mayu wuri.

Gaskiyar magana duk obakulok ɗin da za ka yi ma kati matsakaici irin wannan, ribar ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Wasan da ke ba ka hoto 60 a sakan zai koma 64 ko 65. Idonka ba zai gani ba, amma zai ga lokacin da 60 ta faɗo 40 saboda zafi. Kuma in allonka mai 60 Hz ne kamar nawa, ka shiga RivaTuner da ke zuwa tare da Afterburner ka ɗaure wasa a 60. A eFootball katina ba ya ko kai rabin ƙarfinshi in na ɗaure, fanka shiru, to don me zai riƙa zana hoto ɗari da wani abu da allon ba zai nuna ba?

Wajen gwaji, kunna manhajar gwada kati irin Unigine Heaven ko Superposition na rabin awa ya isa farko, amma ainihin gwaji wasan da kake bugawa ne, kwana da kwanaki. Kuma ka gwada da ƙarfe ukku na rana, abin da ya zauna da tsakar dare ba shaida ba ne. FurMark, shi ma na gwaji ne, ni ba na kunna shi a bazara, yana ɗora ma kati nauyin da babu wasan da ke ɗorawa. Kada ka kunna zaɓin da ke sa saitin ya hau da kanshi in Windows ta tashi sai ka tabbatar ya zauna. Fankar kati ma na canza mata tsari, da yawansu ba su fara juyawa sai kati ya kai wajen 50 zuwa 60, wannan an yi shi ne don masu son shiru a ƙasar sanyi, ni na sa ta fara da wuri ta kai kashi 70 a digiri 70. Na aje saiti biyu, lamba 1 na bazara, lamba 2 na hunturu mai ɗan ƙarin gudu, daga Disamba zuwa Janairu kawai nike taɓa shi.

Sai maganar kuran, wadda ba a raba ta da wannan. Akwatin wutar kwamfuta, alimantasiyo, shi ne inda mutane ke tsuke hannu, su sayi kati mai tsada su haɗa shi da akwati mara suna da anka rubuta ma wat 600 alhali ɗaukarshi kamar fanko. Wat 450 ake so ma 1660 Super, amma na gaske. Ga wutarmu da ke hawa da sauka, musamman da zafi in kowa ya kunna abin sanyi, don haka regilata mai daidaita wuta dole ne, ondila mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta ma in da hali. Mu gidanmu da rana bisa sola muke, kuma wat 30 ɗin nan da na rage na gan shi a batir, ana kai magariba da sauran caji.

In wani zai sayi kati yanzu a garin nan, ni wat nike fara tambaya kafin giga. RX 580 ta kamfanin AMD mai giga 8 ta cika kasuwa kuma da araha, amma katin 2017 ne mai cin wat 185, yawancinsu sun sha haƙa, wasu ma samfurin 2048SP ne da anka yi ma kasuwar Sin, ƙarfinsu na RX 570 ne da sunan 580. In ita ke gare ka, cikin manhajar AMD Adrenalin akwai wurin rage boltaj ba sai ka sauke komai ba, kuma tana amsawa ƙwarai. RTX 3060 mai giga 12 wat 170 take ci. RX 6600 kuwa 132 ne, RTX 4060 kuma 115, waɗannan biyun su sunka fi dacewa da ɗakin kwano a ganina ko da za ka ƙara jikkuna a kai. Masu katin AMD na zamani kada hot spot ya firgita ku, kamfanin da kanshi ya ce har 110 yana cikin ƙa'ida tun kan RX 5700, ko da yake ni ban so in ga nawa kusa da nan.

Wata tara kenan da canza man, kuma na lura tazarar hot spot ta fara komawa 17. Haka man ke yi in kati na zafi yana hucewa kullum, ƙarfe na buɗewa yana tsukewa har ya tura shi gefe. Akwai wani abu da ake kira PTM7950 na kamfanin Honeywell, kamar siririyar leda yake, sai ya ji zafi yake narkewa ya cike wurin kuma ba ya gudu gefe kamar man. Na ba wani ɗan unguwarmu mai zuwa Kano saƙo ya duba min, in ya samu za mu sake buɗe katin a shagon abokina cikin Fabrairu, kafin zafin Maris ya shigo.